Takardar Jini a Idi-Araba

Shekara bakwai ke nan ina haɗiye ta da asuba,
'yar farar ƙwaya, ba ta kai wake ba,
da ruwan leda da guntun burodin Agege,
kafin kwandasta na farko ya fara ihun Oshodi.
Firednisolon, in ji likita.
Ni Baƙuwa nake ce mata.

Rabon faɗa ya kawo ta.
Masu gadin jikina ne suka juya sanda kan masu gida,
gwiwa ta kumbura, yatsu suka ƙi riƙe biro,
ni da ke rubuta wa dillalan albasa lissafi a Mil Sha Biyu.
Ta shigo ta ce kowa ya zauna. Aka zauna.
Sai ita ma ta shimfiɗa tabarmarta.

Ranar Talata, Nkiru mai ɗibar jini ta ɗaure min dantse
tana laluben jijiya.
Ta ce fatata ta yi laushi. Ai na sani,
ko kwando ya goge ni a kasuwa
sai ya bar min shaida ta mako biyu.
Kwalba uku ta cika, ta rubuta Gaje Ɗanlami a jikin kowace.

Da takarda ta fito,
fararen ƙwayoyin jini dubu goma sha huɗu.
Ƙaramin likita, sabon zuwa, ya zaro ido,
har ya ɗora biro zai rubuta allura.
Dakta Oyelaran ta dafa hannunsa:
"Duba abin da take sha tukuna.
Waɗanda ke fakin a gefen jijiya ne aka koro tsakiyar titi,
aka kuma tare musu mafita.
Ka taɓa ƙirga motoci a gosulon Ojuelegba?
Suna da yawa, amma ba biki za su ba."

Sukari ya hau,
ni da rabona da sa shi a koko tun azumin bara.
Kitse ya hau. Wani gishiri mai dogon suna ya sauka.
Layin da ke auna wutar ciwon kuwa
ya kwanta luf, tsaf, kamar yaron da aka yi wa wanka.
Na ce alhamdu lillahi.
Ta ce, "Yi godiya, Mama, amma da ido a buɗe.
Ban san ko shirun lafiya ba ne
ko na wanda aka toshe wa baki.
Wata cuta na iya shigowa ba sallama,
ba zazzaɓi, ba alama,
Baƙuwarki ta lulluɓa mata zane."

Ni fa mai lissafi ce.
Na san littafin da tsaftarsa ta yi yawa.
Na san buhun da samansa manya ne jajaye
ƙasansa kuwa sai ka sa hannu.
Ban taɓa zaton jinina zai zo min a irin wannan buhu ba.

Na ce to in sallame ta mana.
Ta ce, "Ba a dira daga danfo yana gudu.
Tun da ake kawo wa jikinki dafaffe daga waje
murhunsa ya huce.
Sai a hankali, rabin ƙwaya a wata,
har ya tuna yadda ake hura wuta."

A hanyar gida ruwa ya tsuge a Mushin.
Na hango fuskata a madubin direba, ta cika shi dam.
Jiya ma wata 'yar garinmu ta ce na yi kumatu,
Legas ta karɓe ni.
Na ce mata haka ne.

Na ninke takardar na sa a littafin bashi,
tsakanin buhu tara na Alhaji Sanda
da kuɗin dakon da ban biya ba.
Na sayi sabuwar reza a wurin mai shago.
Gobe da asuba zan raba ta biyu,
in hannuna bai yi rawa ba.